Kaskon Murja da Ɓeran Malam Jalo

Duk wanda ya san Murja ta unguwar Camberwell a London, da hanci ya fara saninta. Tun kana hawa matattakalar benen nan nasu na council, gidajen hayar gwamnati, kafin ka kai hawa na uku, ƙamshin turaren wuta zai tare ka, ya danne warin kabejin maƙwabta. Babarbariya ce 'yar Nguru, kuma a wurinta gidan da ba a kunna kasko safe da yamma, ba gida ba ne, tasha ce. Ko ranar da ta sauka London a 1982, rabin akwatinta tufafi ne, rabi itacen turare da kwalaben humra da mahaifiyarta ta naɗe mata a tsumma.

Da rana tana raba wa yara abinci a wata firamare ta unguwar. Da yamma ta haɗa turare ta ɗura a kwalabe, in lokacin zafi ya yi Hajiyoyin Kano da Kaduna suka zo hutu gidajensu na London, su aiko a karɓar musu. Ba ta yi arziki da shi ba, amma ta yi suna.

Mijinta Malam Jalo Bafillatanin Adamawa ne, dogo, siriri, mai magana a hankali. A Vom ta wajen Jos ya fara aikin dabbobi, aka turo shi kwas London, daga kwas ya samu aiki a wata kwaleji a Bloomsbury, yana kula da ɗakin ƙananan dabbobin da masu bincike ke aiki da su. To, kun dai san Fulani da Barebari, abokan wasa ne, ba sa haɗuwa a rabu ba a taɓa juna ba. Auren nasu da tsiya aka fara shi, da tsiya aka ci gaba. Ita ta ce bawanta ne da ta samu a ɓagas, shi ya ce tun kaka da kakanni Barebari ke ɗaukar wa Fulani ƙwarya. 'Yarsu ɗaya, Asama'u, har ta girma ta yi aure a Manchester ba ta taɓa ganin an yi nasara a wannan shari'a ba.

Wata ranar Asabar, shekara huɗu da zuwan Murja, sai ga Malam ya shigo da keji a hannu.

"Malam, mene ne wannan?"

"Dukiya ce."

Ta leƙa, ta yi tsalle da baya. "Innalillahi! 'Yan'uwanka na can suna kora shanu, kai ka ƙare a kiwon ɓera? A garinmu muciya muke ɗaukar musu!"

"Shi ya sa har yau ba ku da garke," in ji shi.

Ya yi mata bayani cewa waɗannan ba na kwata ba ne, na kiwo ne, a hannun mutane aka haifi iyayensu da kakanninsu, kuma sun fi kyanwa tsabta. Ta ce ɓera dai ɓera ne, ko da sabulu yake wanka. Aka yi yarjejeniya: keji zai zauna a ƙaramin ɗakin ƙarshe, ƙofa a rufe kullum, ita kuma ƙafarta ba za ta taka ciki ba. Malam ya amince nan take, ko gardama bai yi ba. Ta ɗauka ita ta ci nasara, ba ta san shi ma abin da yake so ke nan ba.

Haka aka zauna shekara da shekaru. Ɓera ba ya daɗewa a duniya, shekara biyu ne, in ya yi tsawon rai uku. Malam ba ya taɓa barin ɗaya shi kaɗai, da ya ga sun fara tsufa sai ya kawo ƙanana. Yadda yake haɗa su kuwa, Murja ba ta taɓa tambaya ba. Abin da ta sani kawai, duk lokacin da aka yi sababbi, sai ya kwashe su ya shige banɗaki ya rufe ƙofa, ya daɗe. In ya fito ta bi bahon wanka da Dettol tana dirza tana mita, wai an mayar mata da wurin wanka mashayar dabbobi.

A ƙarshen 1994 hawan jini ya kayar da Malam a bakin tashar bas. Ya yi makonni a asibiti. Da aka sallamo shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi gaba ɗaya. Yana jin duk abin da aka ce, amma in ya buɗe baki sai gurnani. An ba shi biro a hannun hagu, ya yi ta zane irin na kaza, ya jefar. Aka dawo da gadonsa falo kusa da hita. Ya juya fuska bango, ya kafe.

Murja ba raguwa ba ce. Ta bar aikin makaranta, ta koyi ɗaga shi da juya shi a wurin maƙwabciyarta Scholastica, wata nas 'yar Jos da ke aiki a babban asibitin unguwar. Amma abinci ya gagara. Ta dama kunun gyaɗa, ya ture. Ta yi tuwon shinkafa miyar kuka, ya ture. Ta gwada tsokana ma, ta ce, "Bawan nan nawa ya samu dalilin ƙin aiki," ko kallonta bai yi ba. Wannan ya fi komai ci mata rai, domin a da ko barci yake sai ya farka ya rama.

A lokacin ɓeraye biyu ne a ƙaramin ɗaki, Tanko mai ruwan toka da Ɗanjuma fari mai baƙin kai. Tun kwanciyar Malam ita ke ba su abinci, da dogon ludayi, tana tsaye daga nesa tana a'uziyya. Wata safiya ta fito daga ɗakin, sai ta ga Malam ya ɗago kai yana leƙen ƙofar. Ta tsaya. Ta kalle shi, ta kalli ƙofar. Ta ce, "Kai, duniya!" Ta koma ta kinkimo kejin da hannu biyu, fuska a ɗaure, ta dire shi a gefen gado.

Malam ya miƙa hannun hagu ya buɗe ƙofar kejin. Tanko ya shinshina yatsunsa, ya haye, ya shige hannun rigarsa ya ɓullo ta wuya. Sai ga bakin Malam ya karkace, wani abu mai kama da murmushi. Ranar ya shanye kofin kunu tas, yana ɗiba da cokali yana lasa wa Tanko gefe. Murja ta ce in dai haka ne, keji ya samu wurin zama a falo, ko sarkin tsabta ne ya zo sai dai ya yi haƙuri.

Abin da ba ta lura da shi ba, tsakanin kejin da inda take ajiye kaskonta bai fi taku biyu ba.

Sanyi ya shigo da ƙarfinsa, aka rufe tagogi ruf. Ɗanjuma ya fara atishawa. Daga atishawa ƙirjinsa ya koma ƙugi, wani jan abu ya taru masa a hanci da gefen ido. Bai jima ba ya mutu. Malam ya ture kwano. Kafin a gama wannan jimami, sai ga Tanko shi ma ya fara, gashinsa ya tashi, ya takure a lungu, haƙarƙarinsa na sama da ƙasa.

Murja ta zuba ido ta ga yadda abin ke tafiya. Ranar da Tanko ya ɗan lasa abinci, Malam ya ci cokali biyu uku. Ranar da Tanko ya ƙi, Malam ya rufe baki gam. Da Scholastica ta leƙo bayan ta taso daga aiki, Murja ta ja ta kicin ta rufe ƙofa.

"Sista, tsoro nake ji. Wallahi in ɓeran nan ya mutu, mutumin nan binsa zai yi."

"Haba, Maman Asama'u, kar ki ce haka."

"Na faɗa miki. Ni nake kwana da shi nake tashi da shi. Ransa a wuyan ɓeran nan yake rataye."

Sai ta ɗaura ɗamarar jinya, irin wadda ta gani a gidansu. Mai mura ai ɗumi yake so da hayaƙi. Ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ta lulluɓe rabin kejin da bargo, ta shafa Robb a jikin ƙarafunan. Ta ƙara garwashi a kasko, ta barbaɗa habbatussauda a kan turarenta mafi kyau, wanda ko Hajiyoyin ba ta sayar wa. Falo ya turnuƙe. Malam ya yi ta gurnani yana nuna kaskon da yatsa.

"Na gani, Malam, garwashin ya kusa mutuwa. Bari in fifita."

Ta fifita, ta ƙara matso da shi kusa da keji.

Washegari da ta sake kunnawa, Malam ya laluɓo sandarsa ya kai wa kaskon duka. Garwashi ya watse a kafet, ya ƙona shi wuri uku. Murja ta tattake wutar da silifa, ta kwashe toka. Sai da ta shiga kicin ta kunna famfo sannan ta saki kuka. Tun da aka ɗaura musu aure mutumin nan bai taɓa ɗaga mata ko murya ba. Ta ce a ranta ciwon nan ya cinye mata miji, ya bar mata wani baƙo a gado.

Scholastica ce ta ga ƙunar kafet, ta ga ɓera na numfashi baki buɗe, ta ce, "Wannan ya wuce Robb. Ki kai shi wurin vet, likitan dabbobi. Ni zan yi miki booking, zan kuma zauna da Baba har ki dawo."

"Ni? Ɗiyar Nguru? In shiga bas da ɓera in kai shi asibiti? In labarin nan ya je gida ai na shiga uku."

"To wa zai kai labarin, ɓeran?"

Haka Murja ta huda kwalin takalmi, ta shimfiɗa tsohon ɗankwali a ciki, ta rungume shi a ƙirji cikin mayafi, ta hau bas zuwa Peckham tana addu'ar kada ta haɗu da wanda ya san ta.

Likitar dabbobin wata baturiya ce mai gajeren gashi. Ta ɗauko Tanko a tafin hannu kamar jariri, ta kara masa abin sauraron ƙirji, ta saurara. Can sai ta sunkuya ta shinshina gashinsa.

"Akwai mai shan sigari a gidan?"

Ran Murja ya ɓaci. "A'uzubillahi! A gidana? Babu."

"To wannan ƙamshin fa? Yana da daɗi ƙwarai. Mene ne?"

Nan fa Murja ta saki fuska. Ta gyara tsayuwa ta shiga bayani da Turancinta na ɗakin cin abincin yara: itace kaza, ana jiƙa shi da kaza, a ɗora a garwashi safe da yamma, yanzu ma da ɓeran ba shi da lafiya ta ninka masa, ta rufe tagogi don kada hayaƙin ya fita. Har ta yi alkawarin kawo wa likitar kwalba guda. Sai ta ga fuskar matar ta canza.

A hankali likitar ta yi mata bayani. Huhun ɓera ɗan mitsitsi ne, kuma yawancinsu da ɗan ciwon ƙirji suke rayuwa, yana kwance bai tashi ba. Hayaƙi ne ke tayar da shi, kowane irin hayaƙi, da duk wani abu mai ƙarfin ƙamshi. Ta tambaya ko kejin ya daɗe a ɗakin da ake kunna turaren.

Murja ta nemi kujera ta zauna. Ƙofar ƙaramin ɗaki ta faɗo mata a rai, yadda Malam ya yarda a rufe ta ba musu. Yatsansa da ke nuna kasko ya faɗo mata. Sandar ta faɗo mata. Ashe mutumin nan da hankalinsa garau, yana kwance yana kallon matarsa tana kashe masa ɗan abin da ya rage masa, da hannunta, da kyakkyawar niyya, ba shi da bakin da zai ce ta bari.

"Zai rayu?" ta tambaya.

Likitar ta ce akwai fata. Ta ba ta maganin ɗigawa, ta ce a cakuɗa da yogot a ƙaramin cokali. Ta ƙara da cewa ko ya warke, tsoho ne, kada a sa rai da nisa, kuma zaman kaɗaici ba ya yi wa ɓera kyau, a nema masa abokan zama ƙanana.

Da ta dawo gida ko mayafi ba ta cire ba. Ta mayar da Tanko keji, ta yaye bargon, ta durƙusa a gaban gado.

"Malam, ka yafe mini. Ashe abin da kake ta faɗa mini ke nan. Ni ce ban ji ba."

Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta gefe guda. Ya ɗora hannun hagu a kanta, ya ɗan bubbuga, sannan ya ja mata kunne kaɗan. Ta yi dariya cikin kuka ta ce, "To, na ji. Yau dai Fulani sun ci."

Ranar ta wangale tagogi duk da sanyi, ta naɗe Malam da barguna biyu. Ta sauke labule ta wanke, ta goge ƙarafunan keji da ruwan zafi. Kaskon kuma ta wanke shi ta kife a saman kabad. A karo na farko tun zuwanta ƙasar, flat ɗin Murja ya yi warin kabejin maƙwabta kamar na kowa. Abin ya yi mata ciwo, ba ta ɓoye ba, har ta ce wa Scholastica ji take kamar ta fita ba zane.

Maganin ya karɓi Tanko. Ƙugin ya ragu, gashinsa ya kwanta, ya fara riƙe ƙwayar masara da hannu biyu yana gurgura. Malam ya koma cin abinci. Da wata macen ce, da ta ce alhamdulillahi ta huta, amma maganar likita ta tsaya wa Murja a wuya: tsoho ne. Yau an tsallake, gobe fa? In Tanko ya tafi alhali shi kaɗai ne a zuciyar Malam, an koma gidan jiya. Dole kafin ranar ta zo a samu wasu da suka riga suka shiga ransa.

Ta buga wa Bernard waya, wani tsohon abokin aikin Malam. Ya kawo mata ƙanana biyu maza daga wurin mai kiwo, ɗaya ja-ja, ɗaya baƙi wuluk, kowanne bai fi babban yatsa biyu ba in ka cire wutsiya. Ta ajiye su a ƙaramin ɗaki na ɗan lokaci don a tabbatar ba su zo da ciwo ba, kamar yadda likita ta ce. Da ta kawo su a kwali ta nuna wa Malam, kallo ɗaya ya yi musu ya mayar da ido kan Tanko. Ta gane. Sai wanda Tanko ya karɓa zai karɓa.

To, a nan ma sai tarbiyya ta sake kai ta ta baro. A wurin Murja, yaro ne ke zuwa gaida babba, har ɗakinsa, ya durƙusa. Wata safiya Malam na gyangyaɗi, ta sa safar hannu ta wanke-wanke, ta ɗauko ƙananan ta zura su kejin Tanko tana cewa, "Ku shiga ku gaida yayanku."

Wane yaya! Tanko ya kumbura ya zama biyunsa, ya taho a karkace, ya dira kan jan nan. Ƙara ta tashi, keji ya hau girgiza. Malam ya farka a firgice yana dukan gefen gado. Murja ta jefa tawul ta raba su da ƙyar, ta fito da ƙananan, ga kunnen ɗaya na jini. Ta mayar da su kwali, ta zube a kujera.

"Na gaji, Malam. Wallahi na gaji. Na yi hayaƙi na yi laifi, na kawo baƙi na yi laifi. Ni ban san kan dabbobin nan naka ba."

Kwana biyu Malam ba ya cin abin kirki, Tanko ma sai zagaye keji yake yana huci. A rana ta uku, ta kawo kofin kunun gyaɗa, ya kauda kai, sannan ya ɗaga yatsa ya nuna ƙofar falo. Wannan karon ba ta yi masa fassara da son ranta ba. Ta ɗora shi a kekensa na marasa lafiya, ta saƙala kofin a gefe ko zai sha daga baya, ta ce, "Nuna, ina bi." Yatsa ya bi lungu, ta tura. Ya wuce kicin, ta tura. Ya tsaya a ƙofar banɗaki. Ta buɗe. Ya nuna baho.

Ta daɗe tana kallon bahon. Sannan ta dafe kai.

"La ilaha illallahu! Shekara nawa ina dirzar bahon nan ina zaginka, ashe ba wanka kake musu ba?"

Kafaɗarsa ta hagu ta yi rawa. Dariya yake.

Ta kama tambaya ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai ko ya girgiza. A zuba ruwa? A'a. A shimfiɗa tawul? E. Na kejin Tanko? A'a, sabo. Sai ta gane da kanta, domin abu ne da ta sani tun tana yarinya: ba a yin sulhu a ɗakin ɗaya daga masu faɗa, sai a kai su inda ba mai cewa nan nawa ne. Ta je ta ɗauko su duka uku, wannan karon da hannunta tsirara, ba ta ma tuna da safa ba.

A cikin baho Tanko ya rasa abin da zai kare. Ya shinshina nan, ya shinshina can, ya je ya tsaya a kan baƙin, ya kifar da shi ya danne. Ƙaramin ya yi tsuwa. Murja ta kai hannu, caraf Malam ya riƙe mata wuyan hannu. Ƙarfin riƙon ya ba ta mamaki. Suka zuba ido. Ƙaramin ya yi lamo, ciki a sama. Tanko ya shinshine shi tsaf, ya sauka, ya koma kan jan, gashinsa ya fara tashi kuma.

Malam ya saki hannunta ya nuna kofin kunu. Ta miƙo. Ya tsoma yatsa, ya sunkuya iya yadda zai iya, tana tallafe da shi, ya shafa wa jan a gadon baya. Ya shafa wa baƙin. Ya shafa wa Tanko ma. Tanko ya kai hanci bayan jan da niyyar faɗa, sai ya ci karo da kunun gyaɗa. Ya lasa. Ya ƙara lasa. Baƙin ya zagayo ya hau lasar Tanko. Kafin ka ce kwabo, duk ukun sun cure wuri ɗaya, kowa na wanke ɗan'uwansa, an manta da gaba.

Malam ya kalli yatsansa da sauran kunu, ya kai baki ya lashe. Ya miƙo hannu, ta ba shi kofin. A nan bakin baho ya shanye shi.

Kullum da hantsi sai an yi wannan zama, har sai da Malam ya gamsu. Sannan ya sa ta wanke kejin sarai, ta canza shimfiɗa da wurin kwano, yadda Tanko ba zai ji warin mulkinsa ba, aka zuba su tare. Washegari ta tarar da su a dunƙule a lungu, ƙananan sun yi matashi da tsohon. Ita ta raɗa musu suna, jan Citta, baƙin Kanumfari, ta ce tunda an hana ta kayan ƙamshi a kasko, za ta ajiye su a keji. Ba a yi wata guda ba Citta ya gano hannun rigar Malam, Kanumfari kuma ya ƙware a satar biskit daga aljihunsa.

Kaskon ma bai mutu ba. Da sanyi ya yi sauƙi ta sauke shi ta kai baranda. Bayan la'asar sai ta fita ta ja ƙofar gilas, ta kunna abinta ita kaɗai, hayaƙin ya bi iska ya tafi wajen Peckham.

Tanko ya ƙara wata biyar a duniya. Wata safiya ta lokacin zafi aka wayi gari ya tafi cikin barci, ƙananan na kwance a jikinsa. Ga ranar da take tsoro ta zo. Ta naɗe shi a ɗankwalin nan na kwalin takalmi, ta ɗora wa Malam a cinya. Ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa. Da Scholastica ta zo suka sauka da gawar, suka binne a gindin wata bishiya a bayan bene.

Da rana ta yi, Murja ta dafa shinkafa da wake, ta zuba mai da yaji kaɗan yadda yake so. Ta ajiye tiren a gabansa, ta sa masa cokali a hagu. Ba ta ce ci ba, ba ta roƙe shi ba. Ta kasa tsayawa ta gani. Ta fita baranda ta ja ƙofa, ta bar 'yar kafa, ta juya baya ta hau hura gawayi, kunnenta duk yana falo.

Shiru. Gawayi ya kama, shiru. Ta barbaɗa turare.

Sai ta ji ƙarar cokali a jikin kwano. Ta ƙi juyawa, kada ya zama turewa ya yi. Ta sake ji. Ta sake ji.

Ta waiga a hankali. Malam na tauna, idonsa jajir. Citta ya leƙo daga wuyan rigarsa, Kanumfari na zaune a gefen tire riƙe da ƙwayar wake, Malam na kare kwanon da gwiwar hannu kada ya ƙara.

Ta zauna daɓas a kan wani bokiti da ke kife. "Alhamdulillahi," ta ce, "alhamdulillahi." Ta share fuska da gefen zane, ta ja ƙofar ta rufe sosai don kada hayaƙi ya shiga, sannan ta ƙwanƙwasa gilas ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Bafillatanin ɓeraye! Ka cinye, akwai ƙari a tukunya."

Ya ɗago cokali ya yi mata barazana da shi, ya ci gaba da cin abincinsa.